Ramin da aka bari a bayan makarantarmu, wai aikin wa ne cike shi?

Malamin Firamare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, wanda ya san doka ya taimaka ya warware min don ni kam kaina ya kulle. A bayan makarantar da nake koyarwa akwai wata gona da aka dinga ɗiban jar ƙasa a cikinta lokacin da ake aikin titin da ya bi ta gefen garinmu, yau shekara uku kenan. Aiki ya ƙare, katafila ta kama gabanta, aka bar mana rami wanda in ka tsaya a bakinsa da rani mutumin da ke ƙasa kamar ɗan tsako zaka hango shi. Yanzu damina ta cika shi taf. Ranar Talata wani yaro ɗan aji huɗu santsi ya kwashe shi ya faɗa, ba don wani bafulatani mai kiwo da ya miƙa masa sanda ba da yanzu zaman makoki muke. Silifas ɗinsa ƙafa ɗaya na nan yana yawo a kan ruwan, kullum in mun fito tara sai na gan shi.

Na je wajen mai unguwa ya ce shi shaida kawai ya yi, in ga dagaci. Dagaci ya ce ai ƙaramar hukuma ce take yankar tikiti. Na je sakatariya aka ce min ma'adinai ba huruminsu bane na tarayya ne. Jar ƙasa fa jama'a! Jar ƙasar ma sai an je Abuja?

Maman Ummi:
Innalillahi. Allah ya ƙara tsarewa Malam, wlh jikina har rawa yake. Kafin a gama neman mai laifi don Allah ku sa ko ƙaya ce a zagaye wajen.

Barista:
Wa alaikumus salam Malam. Abin haushin shi ne na sakatariyar ba ƙarya ya faɗa maka ba, rabin gaskiya ya faɗa ya ɓoye rabi. Tsarin mulkin 1999 sashe na 44(3) ya damƙa duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, kuma haƙar ma'adinai na cikin jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka. Sai dokar ma'adinai ta 2007 ta zo ta saka yashi da tsakuwa da dutse da jar ƙasa cikin abin da sai an nemi lasisin kwari, wato na fasa dutse da ɗibar ƙasa, kafin a haƙa don kasuwanci, kuma ofishin da ke bada lasisin a Abuja yake. To amma ita ƙasar da ke sama, wato gonar kanta, dokar filaye ta 1978 ta ce amana ce a hannun gwamna, a karkara kuma ƙaramar hukuma ke bada takardar mallaka irin ta gargajiya. Kaga an raba abu ɗaya gida biyu, sama na jiha ƙasa na tarayya, shi kuma rami ya faɗa tsakani.

Amma a takarda an san mai cikewa. Wanda ya haƙa shi doka ta ɗora wa gyara wajen in ya gama. Har asusu dokar ta ambata wanda mai lasisi zai dinga zuba kuɗin gyaran muhalli a ciki, sannan kowace jiha akwai kwamitin da ake kira MIREMCO na sa ido kan irin wannan. Tambayar farko da zaka yi ita ce waɗanda suka haƙa naku suna da lasisi ma kuwa?

Malamin Firamare:
Ranka ya daɗe lasisin me, mu dai mun wayi gari mun ga tifofi. Mai gonar ma ya rasu bara, magada ne yanzu, kuma su kansu kuka suke don an bar musu ruwa maimakon gona.

Mai Tifa:
To ni dai nasan yanzu za a juyo kanmu don haka bari in riga ku magana. Shekara goma sha ina jan tifa. Wlh babu tirif daya da zan fito dashi daga rami ban biya ba, in biya mai gona, in biya mai loda, in biya kungiya, a bakin hanya yaron karamar hukuma na zaune a benci da littafin rasit shima in bashi, kafin in kai unguwar da zan sauke an tsayar dani sau nawa. Duk wadannan da suke karba ba wanda ya taba cewa ga naira daya an ware ta cike rami. Sai yaro ya fada sannan a tuna da dan tifa. Kuma ku da kuke zagin namu gidajen da kuke ciki da me akai cikon su? Sannan Barista ina tambaya, da me ake cike rami in ba da kasa ba, kasar kuma daga ina za a debo ta in ba wani ramin aka sake hakawa ba?

Maman Ummi:
Ba wanda ya zage ka Mai Tifa, amma tsakani da Allah gudun da kuke a cikin unguwa ma wani babin ne, bari dai in yi shiru.

Injiniya:
Tambayar Mai Tifa ta ƙarshe tana da kyau kuma ita ce mutane basu gane ba. Gyaran waje ba dole sai an mayar da shi daidai da yadda yake da ba, wannan ko gwamnati bata iyawa a manyan ramuka. Yadda ake yi in ana son gaskiya, tun ranar farko kafin a fara ɗiba katafila take kankare ƙasar sama, baƙar nan mai taki wadda shuka ke ci, ta tara ta gefe guda a bar ta. In an gama ɗiban sai a karya bakin ramin, maimakon ya tsaya a miƙe kamar bango a kwantar da shi ya zama gangare yadda ko akuya ta shiga zata fito da ƙafarta, a yanka wa ruwa hanyar fita in wajen ya bada dama, a dawo da baƙar ƙasar a baza, a dasa itace ko ciyawa mai riƙe ƙasa. In rami ne mai zurfin da dole ruwa ya zauna to a kewaye shi a bar mashiga ɗaya mara zurfi.

Abin da ke kashe yara shi ne bakin nan mai tsaye, ga laka mai santsi, yaro ya kama ta zame ya kama ta zame. Kuma aikin karya bakin in katafila na wajen bai wuce 'yan kwanaki ba. Tsadar tana zuwa ne bayan ta tafi, don yanzu sai ka yi hayar motar da zata ɗauko ta, ga man dizal, ga kuɗin direba. Shi yasa ni a ganina duk wanda ya bari injin ya bar gari kafin a gyara to shi ya yi sakaci, ko waye shi.

Hajiya 'Yar Cikin Birni:
Ku yi a hankali da maganar cikewa ɗin nan 'ya'yana. Mu da muka tashi a cikin birnin Kano kududdufi muka buɗe ido muka gani ko ina, kuma duk ramukan da kakanni suka haƙa ne suna ɗiban ƙasar tubali da ta ganuwa. Nan ruwan unguwa yake gangarawa in an yi ruwan sama. Da aka zo aka dinga cike su da shara ana yanka filoti ana gini a kai, ina ruwan zai je? Cikin ɗakunanmu ya dawo. Ga gidajen da aka gina a kan sharar kullum bango a tsage. Ni ban ce a bar na bayan makaranta ba, amma kar a ce za a mayar da shi bola wai da sunan ciko, don nasan halinmu, gobe zaka ji an ce kowa ya kai shararsa can.

Malamin Firamare:
Hajiya kamar kina wajen, wlh har an fara kawo wannan shawarar a masallaci.

Ɗan Jos:
Malam in kana so ka ga ramin da ya shekara ɗari yana jiran mai cikewa to ka zo Filato. Tun farkon mulkin Turawa kamfanoninsu ke haƙar kuza a nan, Bukuru, Rayfield, Barikin Ladi, ko ina ka duba tafki ne da tulin ƙasa a gefensa kamar ƙaramin dutse. Kakana aikin kuza ne ya kawo shi Jos daga ƙasar Kano, mu da yawa asalin zamanmu a nan kenan. Su kansu Turawan daga baya sun kafa sashen gyaran filayen kuza, shi ne suka dinga dasa itacen turare da kake gani a wajajen, amma abin da suka gyara bai taka kara ya karya ba in ka gwada da abin da suka farke. Da kasuwar kuza ta faɗi a 1985 kowa ya tattara ya tafi.

Gaskiya wasu tafkunan sun yi rana, da ruwansu ake noman rani na kabeji da karas da tumatir da dankalin turawa, na Rayfield ma har wajen shaƙatawa aka mayar. Amma duk shekara sai sun ci mutane. Yanzu kuma ga 'yan loto, samari ne su haƙa rami kamar rijiya su bi ƙarƙashin gonar mutum, kana tafiya ƙasa ta burma da kai. A 2025 gwamnanmu ya bada umarnin dakatar da haƙa a jihar gaba ɗaya, nan take aka fara musun ko yana da wannan ikon tunda lasisin ba shi ya bayar ba. Kaga maganar Barista ta fito.

Sarkin Musu:
Ni fa wannan waƙar ta a ba jihohi iko a ba ƙananan hukumomi iko bata burge ni. Ciyaman ɗin da ya kasa kwashe kwatar ƙofar sakatariyarsa shi za a ba ikon lasisin gwal? Ai ranar har filin idi sai an sayar. Gara Abujan, aƙalla nesa take ba ɗan uwan kowa bace.

Barista:
Nisan nata ai shi ne ciwon Sarkin Musu. Jami'in ma'adinai na tarayya yana zaune a babban birnin jiha, ƙananan hukumomi nawa zai zaga, Kano kaɗai 44 ne. Ni ban ce a ba ciyaman lasisin gwal ba. Amma yashi da jar ƙasa da ake ɗiba a bayan gari, wanda yake ganin tifa da idonsa kullum shi ya kamata a ɗora wa alhaki a rubuce, yadda gobe in yaro ya faɗa an san ƙofar da za a buga. Yanzu kowa na da hannu wajen karɓa, ba mai hannu wajen gyara.

Sarkin Musu:
To ai ko yanzu kotun ƙoli ta ce a dinga ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye tun watan Yulin 2024, me ka gani ya canza a ƙaramar hukumarku?

Barista:
Wannan kuma wata muhawarar ce, kar ka ja mu can.

Ɗan Anka:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ku rami kuke magana wanda ido ke gani, mu abin da ya same mu a Zamfara ba a ganinsa. A 2010 yara suka dinga mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, Dareta, Abare, 'Yargalma, Sunke, Tungar Daji, daga baya Bagega. Yaro yana wasa sai amai sai suma sai jijjiga, wasu suka ce iska ce wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo aka gwada jini sannan aka gane gubar dalma ce. Dutsen gwal ɗin da ake haƙowa akwai dalma a jikinsa sosai, mutane kuma gida suke kawo shi, a daka a turmi, a kai injin niƙa irin na hatsi, mata na shanya garin a tsakar gida, yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Sama da yara 400 suka tafi.

Abin da nake so Injiniya ya ji shi ne yadda aka yi gyaran don da idona na gani. Gida gida aka bi da shebur ana kankare ƙasar tsakar gida da ta ɗakuna ana durawa a buhu, a kai wani rami da aka tanada a bayan gari a binne, sannan a kawo ƙasa mai kyau daga inda aka gwada a baza. Akwai wata na'ura kamar bindigar wasan yara da suke ɗorawa a ƙasa ta nuna musu yawan dalmar. Kuma likitocin cewa suka yi ba amfanin ba yaro magani matuƙar gidan da zai koma ba a kankare shi ba, don zai sake kwasa ne. Shi yasa Bagega ta sha jira, sai 2013 aka saki kuɗin aikinta, yara na nan da guba a jini ana jiran sa hannu. Bayan duk wannan a 2015 irin abin ya sake faruwa a Shikira ta jihar Neja.

To ina hakimi ina dagaci ina kansila lokacin da ake niƙa dutse a cikin gida? Suna nan, a gabansu ake yi, ba wanda ya san guba ce, kuma ba wanda aka taɓa ce masa aikinka ne ka hana.

Maman Ummi:
Allah ya jiƙansu ya ba iyayen haƙuri. Ni a rediyo na ji lokacin, ban san haka abin yake ba.

Injiniya:
Allah ya saka Ɗan Anka. Ka ƙara da sinadarin makuri mai guba da suke wanke gwal da shi suna ƙonawa a buɗe, shi ma yana nan yana shiga ruwa da kifi.

Sarkin Musu:
Shi yasa nake ganin a hana haƙar gaba ɗaya kowa ya huta.

Ɗan Anka:
An hana ai yayana. Watan Afrilun 2019 gwamnatin Buhari ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara saboda 'yan bindiga, ba a ɗage ba sai Disambar 2024. Ka tambayi duk ɗan yankin ko an daina haƙa a shekarun nan biyar. Masu takarda ne suka tafi, masu bindiga suka gaje ramukan, kuma wanda yake haƙa a ɓoye wa zai ce masa ya gyara waje in ya gama? Mutumin da gonarsa bata shiguwa saboda tsaro, ga gwal a bayan gari, ka ce masa ya zauna ya ci me.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwana na Najeriya, mu ma nan Nijar ciwon guda ne. A Ɗan Isa nan kusa da iyakarku cikin watan Nuwamban 2021 ramin zinariya ya rufta da mutane, 18 aka fara ƙirgawa, cikin masu haƙar har da 'yan Najeriya da yawa, hukuma ta ce an rufe wurin. Can arewa kuma kamfanin Cominak na yuraniyom da ke Akokan kusa da Arlit ya rufe a ƙarshen watan Maris na 2021 bayan shekara arba'in da wani abu, ya bar tulin dusar ma'adini ta miliyoyin tan a fili, aikin da aka tsara shi ne a lulluɓe ta da yumɓu da duwatsu, mutanen garin kuma hankalinsu na kan ruwan shansu. Mu dokarmu ta 2006 ta ce kashi 15 cikin ɗari na kuɗin ma'adinai a mayar wa ƙananan hukumomin jihar da aka haƙo. A takarda ya yi kyau. Amma kariyar, wato ramukan da ake ɗibar yashi da ƙasa a bayan gari, ofishin magajin gari na amsar kuɗin kowace mota, ramu kuma na nan suna cin gonaki kamar naku.

Mai Tifa:
Kun gani ko, har Nijar ma masu karba basa cikewa. Ni wlh da za a ce cikin kudin tikitin nan ga kaza na gyaran rami kuma in ga ana gyarawa da idona ko kari akai zan biya, nima ina da yara kuma kanina a irin ramin nan ya koyi iyo Allah ne dai ya raya shi. Abinda bana so a kirkiro sabon rasit a kara mana wani benci a hanya.

Barista:
Nan kam mun haɗu da kai. Kuɗin bai kamata ya shiga aljihun mai benci ba. Kafin katafila ta sa haƙori a ƙasa a zauna, mai gona, wanda zai ɗiba, dagaci, wakilin ƙaramar hukuma, a rubuta zurfin da ba za a wuce ba da tazarar da za a bari tsakanin rami da makaranta ko hanya ko gidaje, a ajiye kuɗin gyara a asusun da sai mutum uku sun sa hannu, in ya gyara a mayar masa da abinsa in ya gudu a yi aikin da shi. Wannan yarjejeniya ce tsakanin mutane, ba sai an jira an gyara tsarin mulki ba, don dokar 2007 ɗin ma ta ce sai da yardar mai ƙasa ake bada lasisi. Matsalar mai gona in ya ga kuɗi a dunƙule baya tsayawa karanta komai.

Hajiya 'Yar Cikin Birni:
Talauci ne ɗana, ba wauta ba. An ba shi abin da gonar bata ba shi a shekara biyar.

Malamin Firamare:
Duk na ji kuma na gode, amma namu ramin an riga an haƙa, ba kuɗin ajiya ba takarda. Yanzu ni gobe in na tashi ina zan nufa?

Barista:
Tunda aikin titi aka yi da ƙasar to akwai ɗan kwangila kuma akwai ma'aikatar da ta ba shi aikin, yawanci takardun irin wannan kwangila suna ɗauke da sharaɗin gyara ramukan da aka ɗebi ƙasa. Ku rubuta takarda da sunan ƙungiyar iyaye da malamai, hedimasta da dagaci su sa hannu, ku haɗa da hotuna, ɗaya ma'aikatar ayyuka ɗaya ma'aikatar muhalli ta jiha ɗaya ciyaman, ko wacce ku tabbatar an buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Kar ka je da baki kawai, baki ba ya shiga fayil. Ka turo min ta akwati in duba maka rubutun, ba sai ka biya ba.

Injiniya:
A takardar kar ku ce a cike, zasu ce ba kuɗi. Ku ce a karya baki ta ɓangaren makaranta a kewaye da waya. Kuma ka auna min taku nawa ne daga katangar makarantar zuwa bakin ruwan.

Malamin Firamare:
Wace katanga Injiniya, makarantar ba katanga. Daga tagar aji shida zuwa ruwan na taka ɗazu, taku arba'in da biyu.

Maman Ummi:
Subhanallahi. Malam ƙayar dai da na faɗa tun farko, ku sa manyan yara da iyaye su saro ta ranar Asabar.

Mai Tifa:
Malam turo min sunan garin ta akwati. In hanyata ce akwai baraguzan wani gini da ake rushewa da muke rasa inda zamu zubar, zan yi wa shugaban kungiyarmu magana ko tirif biyar ne a juye ta bakin da yaran ke bi. Amma fa ku samu masu shebur su baza, ni juyewa kawai zan yi.

Injiniya:
In bulo ne da kankare ba laifi, banda shara banda rodi a tsaye. Kuma kar a juye daf da baki motar ta bi shi, ƙasar wajen ta jiƙa.

Mai Tifa:
Haba Injiniya, shekara goma sha nace maka.